Hannun da Bai San Garma Ba

Rikoto, Zuru
9 ga Afrilu, 2006

Yaya Solomon,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya kai da abokan aikinka a can Darfur. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ke tashi duk lokacin da ya hau tudu. Gwaggo Rebecca tana gaishe ka. Ta ga hoton da ka aiko, ta ce ka rame kamar karan dawa, ko ba a ba sojoji tuwo a can?

To, ka gyara zama. Yaya, zan yi aure. Ko dai in ce ina so in yi, don maganar ta maƙale a hannun Baba.

Sunansa Uchenna. Ibo ne, shi ke da shagon kayan babur a bakin kasuwa, inda ka sayi sarƙa ka yi ta ciniki har ya ce ka ɗauka kyauta ya huta. A taron mawaƙan coci muka haɗu. Ranar Asabar ya je gidanmu a Dabai tare da yayarsa Nkechi da dattawansu, da goro da lemon kwalba, wai haka suke ƙwanƙwasa ƙofa a wurinsu. Baba ya saurare su har suka gama. Sai ya ce wa Uchenna, “Miƙo hannunka.” Ya juya tafin, ya latsa shi kamar mai tayin burodi, ya ce, “Wanga hannu bai san garma ba. Da mi za shi riƙe mini ɗiya?”

Dattawan suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne. Ni da na san Baba na san ba wasa yake yi ba. Ya ce shi shekara bakwai ya yi yana golmo, noman neman aure, a gonar kakanmu kafin a ba shi Mama, kuma ko yanzu da take kwance a kabari bai ga ya biya ta ba. Ya ce ya san zamani ya sake, don haka ba zai ce bakwai ba. Amma damina guda, Uchenna ya noma masa gonar kan tudu. In ba haka ba, babu.

Ga inda abin ya fi tsaya mini a rai. A al'adarsu, ranar biki uban amarya ne ke zuba bammi a kofi ya miƙa mata, ita kuma ta shiga cikin taro tana neman mijinta. In ta same shi ta durƙusa ta ba shi, ya sha, aure ya ɗauru. Mahaifiyarsa ta aiko cewa ta yarda ɗanta ya auri 'yar Lelna irinmu, za ta zo da kanta bayan Kirsimeti, amma ko an yi na coci sau goma, in uba bai miƙa kofin nan ba, a wurinta ba a yi aure ba. Ka gani? Ita tana son hannun Baba, Baba yana son hannun ɗanta, ni kuma ina tsakiya ina koya wa 'yan aji uku lissafi ba tare da na san abin da nake faɗa ba.

Uchenna ya amsa wa Baba da “zan yi” tun kafin ya san mene ne golmo. A Onitsha aka haife shi, bai taɓa riƙe ko fartanya ba. Ina tsoro, Yaya. Ka rubuta wa Baba, kai yana jin maganarka. Ko kuwa ka faɗa mini dabara.

Ƙanwarka,
Leah

*

Darfur
27 ga Afrilu, 2006

Ƙanwata Leah,

Alherin Ubangiji ya kasance da ku. Ina lafiya. Ki ce wa Gwaggo ana ba mu abinci, zafin rana ne ke ƙwace shi kafin ya isa ciki. Ki sa Baba ya riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi, ko da yake na san zai ce shi ba mai jego ba ne.

Ashe mai sarƙa ne. Lallai ya rama cinikin nan, na ɗauki sarƙa kyauta shi zai ɗauki ƙanwata. Na yi murna. Mutumin da ya iya jure ni a ciniki zai iya jure bakinki.

Maganar rubuta wa Baba kuwa, ki bar ta. Kin manta wane ne ni a idonsa? Ni ne ɗan da ya yi damina uku yana taya abokansa su Mika golmo a gonakin surukansu, da layi ya kusa zuwa kaina na ajiye garma na shiga soja. Har yau bai huce ba. In na buɗe baki kan golmo zai ce ɓarawo ne ke wa'azi a kan sata.

Kwanan baya muka wuce wani biki a nan. Ango aka zaunar ana shafa masa lalle a tafin hannu da ƙafa, abokansa na ta rawa da sanduna. Na tsaya ina kallo, na ce Allah mai iko, ga ƙasar da ake ƙawata hannun ango, ga tamu inda sai an farfasa shi. Ki ce wa Uchenna ya yi kuskuren ƙasa. Ko kuwa, tunda ɗan kasuwa ne mai dabara, ya ɗauko tarakta ya gama wa Baba shekara bakwai a wuni guda, kowa ya huta.

Kada ki sa damuwa a rai. Baba dutse ne daga waje kawai. Ki yi ta addu'a, ki kuma sa ni ciki, don wurin nan ba kullum yake da daɗi ba.

Yayanki,
Solomon

*

Rikoto
28 ga Mayu, 2006

Yaya,

Muna lafiya a jiki. Bayan wannan ba ni da wani labari mai daɗi.

Mun bi shawararka. Na karanta wa Uchenna wasiƙarka, da na kai wurin tarakta ya tafa hannu ya ce, “Yayanki mai hankali ne.” Ni ma na ga ka fi mu sanin Baba, kuma ga gwiwarsa, na ce ai hutu ne gare shi. Ruwan farko ya sauka, Baba ya tafi Manga jana'izar wani tsohon abokinsa. Uchenna ya yi hayar tarakta, ya ce Baba ya dawo ya tarar da abin mamaki. Ya kuwa tarar.

Yaya, ashe Baba ya riga ya yi binne. Tun kafin ruwa ya bi gonar shi kaɗai da gwiwar nan ya zuba iri, bai gaya wa kowa ba. Kuma jar dawar Mama ce, irin da ta zo da shi daga gidansu, wanda yake ɓoyewa a tukunya cikin toka. Bara tsuntsaye sun yi masa ɓarna, abin da ya rage ke nan, duk ya zuba. Wanda ya tashi a gona zai ga alamar sawu da ramuka ya gane. Uchenna da direban ba su ga komai ba sai fili. Ni da ya kamata in gani ina makaranta.

Ba irin kaɗai ba. Jerin duwatsun nan masu tare ƙasa, waɗanda Baba da Mama suka ɗora tun ba a haife ka ba, direban ya ce suna hana shi juyawa. Uchenna ya sa aka ture su gefe, don aiki ya yi kyau.

Da Baba ya dawo ina nan, don na je in ga murnarsa. Ya tsaya a bakin gonar ya daɗe. Uchenna yana gefe da sabuwar riga yana murmushi. Baba ya sunkuya ya tona ƙasa da yatsa, ya fito da ƙwaya guda da ta fara tsiro, ta karye. Ya sa ta a aljihu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Abin da ya ce kawai, “Injin na da ɗiya? Shi tai shi aure ta.” Da yamma ya sa aka mayar wa Nkechi da goro da lemonsu.

Uchenna ya yi kuka a gabana, babban mutum. Yana ta cewa, “Ni yana so ya taimaka ne.” Baba kuma ko na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Me ya sa ka ce mu yi haka? Kai da ka san gonar nan tudu da kwari? Ina rubutun nan ban sani ba ko fushi nake ji ko tsoro.

Leah

*

Darfur
15 ga Mayu, 2006

Leah,

Ina lafiya, ina fata kuna lafiya. A gurguje nake rubutu, mai tafiya bariki yana jirana.

Jiya ina gadi wani abu ya faɗo mini a rai. Maganar tarakta da na yi, kin dai san wasa ne ko? Na san kin sani, amma na tuna ke tun kina ƙarama in aka ce ki je ki kira farin wata sai ki fita tsakar gida ki yi ta kira. Kada ku kuskura. Golmo ba gona ake nomawa ba don a sami dawa kawai, gumin mutum ake son gani. Bayan haka ma, warhaka Baba kan yi binne da irin Mama a gonar kan tudu, ko akuya ba ya bari ta taka.

Ki ce wa Uchenna ya je hannu sake ya ce a koya masa. Baba na son a tambaye shi.

Za a matsa da mu gaba, wataƙila ki ji ni shiru na ɗan lokaci.

Solomon

*

Rikoto
16 ga Yuli, 2006

Yaya Solomon,

Ina gaishe ka, in wannan ta same ka. Wasiƙarka ta tsakiyar Mayu ta iso bayan aikin gama ya gama. Na karanta ta a tsaye a ƙofar makaranta, na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan dariyar ta tafi ta bar hawayen. Ka gafarta mini zafin da na yi maka. Ni ce mai kiran wata.

Amma tun daga ita ban sake jin ka ba. Rediyo na ta faɗin abubuwa game da can. Na je bariki, sun ce ba su da mugun labari, in koma gida. Baba ba ya tambayata kai tsaye, sai dai in an fara labaran yamma ya matso da kujerarsa. Don Allah ko layi guda ne ka aiko.

Ga halin da ake ciki. An sake shuka gonar da farar dawa ta kasuwa, Gwaggo ce ta sayo. Da ruwa mai ƙarfi ya zo ya kwashe ƙasa ya yi kwari a tsakiya, tunda babu duwatsu. Washegari sai ga Uchenna a kan babur tun da sassafe. Ya fara ɗaukar duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Tun ranar kullum sai ya zo, ya yi har rana ta take, sannan ya koma ya buɗe shago. Farkon jerin da ya yi ruwa ya rushe shi, don ya ɗora su a miƙe kamar mai ginin kanti. Ya sake.

Baba na zaune ƙarƙashin ɗorawa yana kallonsa, bai kore shi ba, bai kuma ce masa sannu ba. Uchenna ya roƙi garma, Baba ya ce garmarsa ba ta jin Ibo. Ya je ya sayo tasa a kasuwa, maƙeri ya haɗa shi da wadda ko ƙato sai ya yi nishi. Matan da ke wucewa rafi sun sa masa suna Ango Tarakta, har waƙa sun yi.

Kuma ka san golmo ba aikin mutum guda ba ne. Kowa da 'yan ƙungiyarsa yake zuwa, a yi nasa yau gobe a yi na wani. Shi wa gare shi? Abokansa 'yan kasuwa sun ce su riƙe masa shago dai, wannan sun iya. Ciyawa ta fara cin dawar, shi kuma in ya yi kunya biyu sai ya zauna yana haki.

Sai ga saƙon mahaifiyarsa ta bakin Nkechi. Wai ta ji ɗanta ya zama lebura a kan dutse, ba ta haife shi don haka ba, 'yan mata na nan a gida waɗanda iyayensu suka san darajar mutum. Nkechi tana faɗa tana ba ni haƙuri. Ta ce, “Leah, ni ina son ki, amma Mama in ta ce a'a, ko fadan coci ba ya juya ta.” Na ce mata ai tamu ɗaya, nawa uban a'ar ma ba ya faɗa, shiru yake yi.

Na rame, Yaya. Wani lokaci ina ji kamar in ce wa Uchenna ya bari, kada in kashe ɗan mutane a banza.

Ƙanwarka,
Leah

*

Darfur
6 ga Agusta, 2006

Ƙanwata,

Ina raye, ƙafa biyu hannu biyu. Mun yi wata wahala da ba ta shiga takarda, wasu cikinmu ba su dawo ba. Ki gaya wa Baba a kunne, ko ya yi kamar bai ji ba.

Wasiƙunki biyu tare suka same ni. Ta farkon na karanta sau ɗaya na kasa maimaitawa. Irin Mama. Bakina ne ya ja wannan, ki bar ɗora wa kanki.

Amma kada ki ce wa Uchenna ya bari. Ki lura da abu guda: Baba bai kore shi ba. Mutumin da ya taɓa bin jami'in gona da sanda don ya taka masa kunya, yau yana zaune yana kallon baƙo a gonarsa safe bayan safe. Wannan zaman ba na ƙiyayya ba ne, awo yake yi.

Na sa wata takarda a cikin wannan, ki kai wa Mika hannu da hannu. Damina uku na yi musu shi da sauran 'yan ƙungiyarmu, ba su rama mini ba don na gudu. Gumina na nan a wuyansu, Mika da kansa yakan tuna mini duk na zo hutu, yana cewa in nemo mata su zo su sauke nauyi. To na ce su sauke shi a gonar Baba, a kan sunan Uchenna. Su tafi da shi cikinsu, su koya masa, su zage shi yadda aka zage mu.

Na san me za ki ce, ni fa in na tashi nawa auren? Ki bar wannan. Soja da ke nan inda nake ba ya ajiye abu don gobe. In Allah ya mayar da ni, na auri 'yar bariki wadda ubanta ba shi da ko tukunyar fure.

Yayanki,
Solomon

*

Rikoto
22 ga Oktoba, 2006

Yaya,

Godiya ga Ubangiji da ya tsare ka. Da na gaya wa Baba, ya ce, “Wa ya tambaye ki?” Sai ya tashi ya shiga ɗaki, na ji shi yana rera waƙar coci a hankali. Gwiwar na nan yadda take. Ban ji daɗin maganarka ta rashin ajiye abu don gobe ba, kada ka sake rubuta mini irinta.

Mika ya karanta takardarka ya ce, “Ɗan banza, daga Sudan ma yana ba mu aiki.” Amma sun zo, da garemani da mai kiɗa. Sun karɓe garmar Uchenna sun ba shi daidai ƙarfinsa, suka sa shi a tsakiyar layi yadda ba zai iya tsayawa ba. Duk wanda ya wuce shi sai ya watsa masa ƙasa a ƙafa. Ranar farko hannunsa ya yi bororo ya fashe, ƙotar garma har da jini. Na kawo musu kunu, ya kasa riƙe ƙoƙon, sai Mika ya kafa masa a baki yana cewa, “Sha, Ango Tarakta, man injin ne.” Sun yi noma, sun dawo sun yi maimai. Yanzu har ya iya zagi da yarenmu na C'lela, kuma da shi ya fara gaishe da Gwaggo bisa kuskure, don Mika ya ce masa gaisuwa ce.

Ga wani abu kuma. Dawa ta fid da kai. Shekaranjiya Uchenna ya zo makaranta a guje, ya ce wata cuta ta kama gonar, wasu zangarnu sun yi ja, in zo in gani kafin Baba ya ce shi ne. Na hau bayan babur ɗinsa muka tafi. Yaya, ba cuta ba ce. Jar dawar Mama ce, nan ɗaya can ɗaya cikin farar, mafi yawa a gefen duwatsu inda tarakta bai nutsa ba. Ba su da yawa, amma suna nan. Muka tarar Baba ya riga mu. Yana bi yana ɗaura wa kowace tsumma don kada a haɗa ta da sauran in an zo girbi. Ya gan mu, ya ci gaba da ɗaurinsa.

Shi ke nan fa. Har yau bai ce uffan ba. Fasto ya sa ranar coci, mahaifiyar Uchenna ta ce za ta zo ta gani da idonta, in uban bai miƙa kofi ba ta koma da ɗanta. Gwaggo ta je ta same shi, ya ce mata damina ba ta ƙare ba sai dawa ta shiga rumbu. Ta ce to ko ƙanensa ya miƙa a madadinsa? Ni na ce a'a. In ba daga hannun Baba ba, ba na karɓa, ko da kuwa zan tsufa ina koyar da 'yan aji uku.

Na faɗa da ƙarfi, amma tun ranar ba na iya cin abinci. Zumuntar mata sun riga sun fitar da anko. In aka taru Baba ya ƙi fitowa fa?

Ƙanwarka,
Leah

*

Dabai
31 ga Disamba, 2006

Yaya Solomon,

Alheri da salama. Kowa lafiya. Ba ka amsa ta Oktoba ba, amma wani kofur da ya dawo ya ce ya gan ka da idonsa, don haka na yafe.

An yi girbi, Uchenna ya ɗauki dami a ka har rumbu. Mahaifiyarsa ta iso, 'yar gajeruwa mai kaifin ido, da jarkar bammi da kofin gilashi naɗe a tawul. Abin da ta fara yi shi ne ta kama hannun ɗanta ta juya. Da ta ga kanta da tabo sai ta yi ta magana da Ibo, Nkechi ta ƙi fassara mini.

Ranar Alhamis aka taru a ƙofar gidanmu. Ibo da jajayen huluna a gefe guda, mutanenmu a gefe guda, masu kiɗa kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi shiru. An ajiye wa Baba kujera a tsakiya, ga kofi ga jarka. Babu Baba. Aka jira har 'yan rawa suka gaji. Ina ɗaki cikin zanen Ibo da murjani mai nauyi a wuya, gumi na wanke hodar da Nkechi ta shafa mini. Ta taga na hango surukata ta fara naɗe tawul ɗinta.

Sai ga shi ya fito daga bayan rumbu, da tsohuwar rigarsa ta coci, yana ɗingishi. Hannu ɗaya garma, ɗaya hannun ƙoƙon Mama, wanda take kai masa kunu gona. Ya zauna ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Ya dubi kofin gilashin, ya ce wa Nkechi, “Gaya ma uwarku, al'adarta na bisa kaina, zan miƙa. Amma ni ban san itacen da ya yi wanga ruwa ba. Abin da na sani shi zan ba ɗiyata.” Kunu ne a ƙoƙon, ja wur. Ashe abin da ya tsayar da shi ke nan, shi da kansa ya dama, bai yarda kowa ya taɓa ba.

Nkechi ta fassara. Tsohuwar ta tashi ta zo ta leƙa ƙoƙon, ta tambayi mene ne. Nkechi ta ce dawar marigayiya ce, wadda ɗanta ya kusa kashewa kuma ya yi wa noma. Sai ta ɗauke kofinta ta ba wata ta riƙe. Ta ce, in ji Nkechi, bammin a ba masu kiɗa.

Baba ya sa mini ƙoƙon a hannu. Ya ce da C'lela, “Je ki nuna mini shi.”

Na shiga taro. Samari na ta kira, “Ga ni nan, amarya, kawo!” Na duba cikin jajayen huluna, babu shi. Na zaga har kunun ya fara zuba a yatsuna, na ce ko dai uwar ta sa an janye shi. Ashe su Mika ne suka sace shi. Suna zaune a layi a kan gungume, duk sun rufe kai da malafa sun sunkuya, kowa ya shimfiɗa tafin hannu a gwiwa. Mika ya ce daga ƙarƙashin malafa, “In kin san mijinki, zaɓa.” Hannaye duk sun yi kanta iri ɗaya, Yaya. Da ƙyar na gane nasa, da baƙin man babur da ya ƙi fita daga farce.

Na durƙusa na ba shi. Ya shanye tas. Na kamo shi muka zo gaban Baba. Baba ya ce, “Miƙo hannunka.” Ya juya tafin ya latsa kamar ran farko, ya daɗe yana latsawa. Sai ya ɗauki garmar nan, wadda ya yi wa Mama golmo da ita, ya ɗora masa. Ya ce, “Saura shida.”

Uchenna ya ce, “Baba, ni zai zo. Amma wannan karo ka faɗa mini in ka yi binne.”

Baba ya yi dariya har ya share ido. Rabon da in ji dariyarsa tun Mama na da rai. Jiya aka yi na coci, shi ya riƙe hannuna har gaban fasto, surukata kuma ta yi rawa da Gwaggo, kowa da irin takunta.

An ajiye maka kujera a wurin, ba wanda ya zauna a kai. Za ka ji ambulan ɗin nan da ɗan nauyi a kusurwa. Baba ne ya ƙulla ƙwayar jar dawa a tsumma ya ce in sa maka. Na ce me soja zai yi da iri a cikin rairayi? Ya ce ba don ka shuka a can ba ne. Ajiya ce ya ba ka, kuma yana son abarsa kafin ruwan farko, daga hannunka zuwa nasa.

Ka ji dai. Ka dawo da ita.

Ƙanwarka,
Leah